Sharhi: Koyon Jamusanci Cikin Gaggawa Domin Shiga Jami'o'in Ƙasar Jamus

A 'yan shekarun nan, duk mai bibiyar al'amuran ilimi mai zurfi ya lura da yadda hankalin matasa masu neman karatu a ƙetare ya fara karkata zuwa ƙasar Jamus, bayan da aka daɗe ba a san wata alƙibla ba sai Ingila da Amurka da Kanada. Tare da wannan sauyi sai ga tallace-tallace sun cika kafofin sadarwa, wannan ya ce zai koyar da Jamusanci cikin wata uku, wancan ya ce makonni shida ma sun isa mutum ya shiga aji ya zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yan ƙasa. Ganin cewa maganar ta shafi dukiyar iyaye da kuma shekarun ƙuruciyar 'ya'yansu, ya zama wajibi a yi wa lamarin duba na tsanaki, domin a tantance irin saurin da zai yiwu da kuma wanda romon baka ne kawai.

Abin da ya karkato da hankali zuwa Jamus

Idan aka nemi musabbabin wannan karkata, za a tarar cewa ƙofofin da aka saba bi ne suka fara ƙuntata. Daga watan Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana akasarin ɗaliban ƙetare zuwa da iyalansu, in ban da masu digiri na bincike da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kuma a cikin wannan watan ne Kanada ta sanar da ƙayyade yawan izinin karatun da za ta riƙa bayarwa. A watan Yulin 2025 ita ma Amurka ta rage wa'adin akasarin bizar da take bai wa 'yan Nijeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa a watan Yunin 2023, Dalar da ake saya a hukumance ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024, lamarin da ya sa kuɗin makarantar da mai matsakaicin hali kan kokarta ya biya a da, ya gagari har wasu masu hannu da shuni.

Ita kuwa Jamus, akasarin jami'o'inta na gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, daga ɗan ƙasa har baƙo. Wasu jihohin ƙasar sun gwada sanya kuɗin a tsakiyar shekarun 2000, amma ɗaya bayan ɗaya suka janye, jihar Niedersachsen ce ta ƙarshe a shekarar 2014. Abin da ɗalibi ke biya shi ne kuɗin hidima na kowane zangon karatu, wanda bai wuce 'yan ɗaruruwan Yuro ba. Sai dai akwai togaciya da ya kamata mai karatu ya sani: tun shekarar 2017 jihar Baden-Württemberg take karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, haka kuma daga shekarar 2024 Jami'ar Fasaha ta birnin Munik ta sanya wa irin waɗannan ɗalibai Yuro 2,000 zuwa 3,000 a zango a matakin digirin farko, da Yuro 4,000 zuwa 6,000 a matakin digiri na biyu.

Bugu da ƙari, ita kanta Jamus tana da buƙatar baƙi masu ilimi, saboda tsofaffi na ƙaruwa a cikin al'ummarta, masu barin aiki kuma sun fi masu shiga yawa. Wannan ne ya sa dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a watan Maris na 2020, aka kuma faɗaɗa ta a shekarar 2023, shekarar da shugaban gwamnatin ƙasar na wancan lokaci, Olaf Scholz, ya ziyarci Abuja da Legas inda batun ƙaura ya kasance cikin abubuwan da aka tattauna. Daga watan Maris na 2024 an bai wa ɗalibin ƙetare damar yin aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara maimakon 120, kuma wanda ya kammala digirinsa yana iya samun izinin zama na wata 18 domin neman aiki. Alƙaluman hukumar musayar ɗalibai ta ƙasar, wato DAAD, wadda aka kafa a shekarar 1925 mai hedikwata a birnin Bon, sun nuna cewa a zangon hunturu na 2023 zuwa 2024 akwai ɗaliban ƙetare kimanin 380,000 a jami'o'in Jamus, 'yan Indiya ne a kan gaba da kimanin 49,000.

Matsayin harshe a wajen neman gurbi

Wani zai iya cewa ai akwai kwasa-kwasan da ake koyarwa da Ingilishi, don haka babu dalilin wahalar da kai. Gaskiya ne akwai su, amma a cikin kwasa-kwasai sama da 20,000 da manyan makarantun ƙasar ke gudanarwa, kimanin ɗaya cikin goma ne kawai ake koyarwa da Ingilishi, kuma mafi yawansu na digiri na biyu ne. Wanda ya fito daga sakandare yana neman digirin farko, musamman a fannin likitanci ko harhaɗa magunguna ko shari'a a jami'ar gwamnati, zai iske cewa da Jamusanci ake lacca, da shi ake rubuta jarrabawa, da shi kuma ake magana da majinyaci a asibitin koyarwa.

Ma'aunin da ake amfani da shi wajen gane ƙwarewar mai koyo shi ne tsarin bai ɗaya na harsuna da Majalisar Turai ta fitar a shekarar 2001, wanda ya kasa ƙwarewa gida shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A1 yana iya gaisawa ya faɗi sunansa ya tambayi farashin kaya, mai B1 yana iya tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, mai B2 yana iya shiga muhawara ya kare ra'ayinsa, shi kuwa mai C1 yana iya sauraron lacca mai tsawo ya ɗauki bayanai, ya karanta littafin ilimi ya kuma rubuta maƙala. Jami'o'in Jamus kusan wannan mataki na C1 suke nema kafin su yi wa baƙo rajista a kwas ɗin da ake koyarwa da Jamusanci.

Jarrabawowin da aka amince da su sanannu ne. Akwai TestDaF, wadda aka fara a shekarar 2001, ana kuma rubuta ta a cibiyoyi a ƙasashe da dama. Tana da sassa huɗu, wato karatu da sauraro da rubutu da magana, kuma wanda ya samu mataki na 4 a dukkan sassan huɗu ya cika sharaɗin harshe na kusan kowane kwas. Akwai DSH, wadda jami'o'in Jamus ke shiryawa da kansu, inda kashi 57 cikin 100 ke ba da DSH-1, kashi 67 ke ba da DSH-2, kashi 82 kuma DSH-3, kuma DSH-2 ce akasarin kwasa-kwasai ke buƙata. Haka zalika ana karɓar takardar telc Deutsch C1 Hochschule da takardar C2 ta Cibiyar Goethe. Abin lura a nan shi ne, takardar da wata makarantar koyon harshe ta bayar don nuna cewa mutum ya halarci aji daban take da takardar cin jarrabawa, kuma ta biyun ce jami'a ke ɗauka da muhimmanci.

Akwai kuma wani mataki da da yawa daga cikin masu sha'awar tafiyar ba su san da shi ba. Takardar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ita kaɗai ba a ɗauke ta daidai da Abitur, takardar da ɗan Jamus ke shiga jami'a da ita ba. Saboda haka, galibi sai ɗalibi ya bi ta makarantar share fagen shiga jami'a da ake kira Studienkolleg, ko kuma ya zo da shaidar karatun da ya riga ya yi a wata jami'ar gida da aka amince da ita. Rumbun bayanai na anabin, wanda hukumomin ilimin Jamus ke kula da shi, shi ne ke fayyace matsayin takardun kowace ƙasa. Zango biyu ake yi a Studienkolleg, an kuma kasa ta bisa fanni: kwas ɗin M na likitanci da ilimin halittu, T na injiniya da lissafi, W na tattalin arziki, G da S na fannonin adabi da harsuna. Ba a shiga sai da Jamusanci matakin B1 ko B2 da cin jarrabawar shiga, ba a kuma fita sai an ci jarrabawar ƙarshe mai suna Feststellungsprüfung.

Lissafin awoyin da ake buƙata

Tambayar da kowa ke yi ita ce, tsawon wane lokaci mutum zai ɗauka kafin ya kai wannan mataki? Cibiyar Goethe, wadda aka kafa a shekarar 1951 domin yaɗa harshe da al'adun Jamus, ta daɗe da ba da ƙiyasi bisa darasi mai tsawon minti 45. A ƙiyasinta, matakin A1 yana buƙatar darasi 80 zuwa 200, A2 yana buƙatar 200 zuwa 350, B1 kuma 350 zuwa 650, B2 daga 600 zuwa 800, sannan C1 daga 800 zuwa 1,000, dukkansu idan aka ƙirga tun daga farkon koyo. Ke nan wanda ya fara daga tushe yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a gaban malami kafin ya kai C1, ban da abin da zai yi shi kaɗai a gida.

Idan aka ɗora wannan adadi a kan kalanda sai lamarin ya fito fili. Mai zuwa aji mai zafi, darasi huɗu a rana, kwana biyar a mako, yana yin darasi 20 a mako, don haka zai kai darasi 800 cikin makonni 40, ya kai 1,000 cikin makonni 50. Mai zuwa ajin yamma sau biyu a mako, darasi shida ke nan, sai ya shafe makonni sama da 130, wato kimanin shekara biyu da rabi. Shi kuwa wanda ya dogara ga minti 15 a rana a manhajar wayar salula, awa 600 za ta ɗauke shi kwana 2,400, fiye da shekara shida. Mai alƙawarin kai mutum matakin jami'a cikin wata uku kuwa, abin da yake faɗa a zahiri shi ne darasi kusan tara a kowace rana babu hutu ko na yini guda, sannan a koma gida a yi bita.

Wani ma'aunin da ke ƙarfafa wannan lissafi ya fito ne daga cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, wadda ta ware kimanin makonni 36 na cikakken karatu domin koyon Jamusanci zuwa matakin gudanar da aiki. Waɗannan kuwa mutane ne da Ingilishi ya zama harshen uwa a gare su, harshen da ya fito daga tsatso ɗaya da Jamusanci, kuma ba su da wani aiki a tsawon wannan lokaci sai koyon harshen. Ashe ke nan saurin gaskiya shi ne wata tara zuwa shekara guda ga wanda ya ajiye komai ya fuskanci karatun, B1 kuma cikin wata biyar zuwa bakwai. Abin da ya gaza haka yana iya faruwa ga ɗaiɗaikun mutane masu baiwa ta musamman, amma ba a gina shirin iyali a kan sa'a.

Wuyar harshen da sauƙinsa

Wahalar Jamusanci tana cikin nahawunsa. Kowane suna yana da jinsi, kuma jinsin uku ne, namiji da tamace da 'yan ba-ruwanmu, waɗanda ake ganewa da kalmomin der da die da das da ke zuwa kafin sunan. Jinsin bai cika bin hankali ba, domin kalmar Mädchen mai nufin yarinya das take ɗauka. Waɗannan ƙananan kalmomi kuma suna sauya siffa har hali huɗu gwargwadon aikin da sunan ke yi a cikin jimla, ko shi ne mai aikatawa, ko wanda aka aikata a kansa, ko wanda aka yi domin sa, ko mai mallaka. A jimla mai dogaro da wata, aikatau yakan koma can ƙarshe, ta yadda mai sauraron lacca sai ya riƙe dogon zance a ransa kafin ya ji abin da aka aikata. Ga kuma al'adar haɗa kalmomi biyu ko uku su zama kalma guda mai tsawo, abin da ya yi yawa a littattafan kimiyya da takardun hukuma.

Duk da haka, mai jin Hausa bai shiga fagen hannu rabbana ba. Ya saba da raba sunaye zuwa namiji da tamace, har ma an yi dace cewa rana tamace ce wata kuma namiji a harsunan biyu, wato die Sonne da der Mond. Kunnensa ya saba da bambanta dogon wasali da gajere, bambancin da ke raba Staat mai nufin ƙasa ko hukuma da Stadt mai nufin birni. Wanda ya karanci nahawun Larabci ya riga ya san yadda suna ke sauyawa saboda matsayinsa a jimla, kuma ƙidayar Jamusawa da ke cewa ɗaya da ashirin, einundzwanzig, ba baƙuwa ba ce gare shi tunda haka Larabawa ke ƙirgawa. Wanda ya iya Ingilishi zai gane kalmomi irin su Haus da Wasser da Buch tun ranar farko. Sannan rubutun Jamusanci yana bin furuci sosai, da zarar an san ƙa'idojin haruffa irin su ä da ö da ü da ß, ana iya karanta kusan kowace kalma daidai.

Hanyoyin da ke rage tsawon tafiyar

Tunda ba za a iya rage yawan awoyin sosai ba, dabarar ita ce a tattara su wuri guda, a kuma hana abin da aka koya zubewa. Tun a shekarar 1885 wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a kan tazara ita ce maganinta. A kan wannan ne Sebastian Leitner ya gina tsarin katunan bita a shekarar 1972, inda katin da aka amsa daidai ake jinkirta dawowa kansa, wanda aka kuskure kuma a dawo da shi gobe. Manhajoji irin su Anki ma ƙa'idar maimaitawa a kan tazara suke bi. Jerin kalmomin da Cibiyar Goethe ta tanada domin jarrabawar A1 kimanin 650 ne, na A2 kimanin 1,300, na B1 kuma kimanin 2,400, don haka mai haddace kalma 15 a rana yana iya ratsa jerin B1 cikin kwana 160, muddin yana haddace kowane suna tare da jinsinsa da jam'insa tun daga farko.

Abu na biyu shi ne kunne. Gidan rediyon Deutsche Welle, wanda ya buɗe sashen Hausa a shekarar 1963, yana da darussa kyauta a intanet, cikinsu har da shirin Nicos Weg mai ɗaukar mai koyo daga A1 zuwa B1, da labaran duniya da ake karantawa sannu a hankali domin masu koyo, da kuma tsohon shirin nan na Deutsch – warum nicht? wanda aka yi wa bayani da Hausa. Abu na uku shi ne baki da alƙalami, domin a nan ne mai koyo shi kaɗai yakan gaza: yana gane abin da ya karanta, amma ba ya iya haɗa jimla uku a jere. Wannan ba ya gyaruwa sai da malami mai gyara rubutu da abokin hira na kullum. Abu na huɗu shi ne sanin fasalin jarrabawar kanta, tunda a TestDaF ana amsa sashen magana ne ga na'ura cikin ƙayyadadden lokaci, ana kuma buƙatar mutum ya yi bayanin jadawalin alƙaluma. Daga matakin B1 ya kamata ɗalibi ya fara karanta fanninsa da Jamusanci, domin wanda ya iya lissafi amma bai san sunan tushe da kusurwa da harshen ba zai iya faɗuwa jarrabawar shiga Studienkolleg.

Tsadar isa Jamus da guntun harshe

Wasu na ganin gara a tafi tukuna, in ya so a koyi harshen a can cikin masu shi. Babu shakka zama cikin Jamusawa yana gaggauta koyo, kamar yadda Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya iya Hausa ta hanyar cuɗanya da masu ita. Amma kowane wata a can kuɗi ne. Kafin a ba da bizar karatu, sai mai nema ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa na shekara guda, galibi ta hanyar zuba kuɗi a wani asusu da ake kullewa, ana sakar masa kaɗan-kaɗan kowane wata. Adadin da ake nema Yuro 8,640 ne kafin shekarar 2019, ya koma 10,236 a wannan shekarar, ya kai 11,208 a 2023, sannan a watan Satumban 2024 aka ɗaga shi zuwa Yuro 11,904, wato Yuro 992 a wata. Bisa wannan ma'auni, wata shida da ɗalibi zai ƙara a can yana koyon abin da zai iya koya a gida sun tashi a kan Yuro 5,952, ban da kuɗin makarantar koyon harshen. A birane masu tsada irin su Munik kuwa, hayar ɗaki guda kan cinye mafi yawan kuɗin watan.

Ba kuɗi kaɗai ba ne abin dubawa, akwai wa'adi. Shirye-shiryen share fage, wato ajin harshe da Studienkolleg a haɗe, a ƙa'ida ba a so su wuce shekara biyu, kuma wanda wa'adin ya cika bai samu shiga jami'a ba, izinin zamansa yana cikin haɗari. Haka nan aikin wucin gadin da ɗalibai ke sa rai da shi, ko da yake mafi ƙarancin albashi ya kai Yuro 12.82 a awa a shekarar 2025, mai jin harshen ne ke samun mai kyawunsa. Binciken da cibiyar nazarin manyan makarantu ta DZHW da ke birnin Hannover ta riƙa gudanarwa ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ɗaliban ƙetare masu digirin farko ba sa kammala karatun, alhali a tsakanin Jamusawa adadin bai kai kashi 30 ba, kuma raunin harshe na cikin dalilan da ake yawan ambatawa tare da matsalar kuɗi.

Shi ma tsarin bizar ya sauya. Daga watan Janairun 2025 ana iya shigar da takardun neman bizar dogon zama ta shafin intanet na Ma'aikatar Harkokin Wajen Jamus, amma daga ranar 1 ga Yulin 2025 an soke damar da ake da ita a da ta rubuta wa ofishin jakadanci ƙorafi domin ya sake duba bizar da ya hana. Yanzu wanda aka hana sai dai ya sake nema daga farko ko ya garzaya kotu a Barlin. Wannan ya sa shiga da takardu masu rauni ya fi tsada fiye da da. Game da masu sayar da takardun jabu kuwa, ya isa a ce jami'o'i da ofisoshin jakadanci suna tantance takardar jarrabawa a wurin hukumar da ta bayar da ita, kuma wanda aka kama ya yi asarar gurbi da biza da mutunci a lokaci guda.

Darasi daga maƙwabta da abin da ya kamata a yi

Maƙwabciyarmu Kamaru, wadda Jamus ta mulka daga 1884 zuwa 1916, ta daɗe tana sahun gaba a tsakanin ƙasashen Afirka kudu da Sahara wajen yawan ɗalibai a jami'o'in Jamus. Babban sirrin shi ne ana koyar da Jamusanci a makarantun sakandare na yankin masu amfani da Faransanci, don haka yaro yakan fito da harsashin da zai ɗora a kai. A Nijeriya kuwa, Cibiyar Goethe tana Legas tun shekarar 1962, sassan koyar da Jamusanci da aka fi sani kuma suna jami'o'in Ibadan da Ile-Ife da Nsukka. Ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai ya sanya kuɗin mota da masauki a cikin lissafinsa duk lokacin da zai rubuta jarrabawa. Abin da ke ɗan rage masa nauyi shi ne, jarrabawar Goethe ta B1 da B2 kashi-kashi ce, ana cin kowane sashe da maki 60 cikin 100, kuma wanda ya faɗi sashe ɗaya shi kaɗai zai maimaita.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Zangon hunturu yana farawa ne a watan Oktoba, kuma a jami'o'i da dama ranar 15 ga Yuli ce ranar ƙarshe ta karɓar takardu, kamar yadda 15 ga Janairu take ga zangon bazara mai farawa a watan Afrilu. Jami'o'i masu yawa suna karɓar takardun baƙi ta hannun hukumar uni-assist da ke Barlin, wadda ke cajin Yuro 75 a kan zaɓin farko da Yuro 30 a kan kowane ƙari, tana kuma ɗaukar makonni kafin ta kammala tantancewa. Ke nan mai son shiga a watan Oktoba ya kamata sakamakonsa ya kasance a hannu a watan Yuni, ya rubuta jarrabawar a Afrilu ko Mayu, ya kuma fara aji mai zafi shekara guda kafin nan. Daga ranar da aka buɗe littafin farko zuwa ranar da aka shiga lacca, kimanin wata 18 ke nan.

A ƙarshe, kira ga iyaye shi ne, kafin a sayar da gona ko fili a zuba a asusu, a fara gwada yaro da wata shida na karatu a gida, a nemi ya kawo takardar B1 daga hukumar da aka amince da ita, domin wannan ita ce shaida mafi arha a kan ko zai jure abin da ke gaba. Ga ɗalibai, a tambayi duk mai tallar kwas darasi nawa zai bayar a mako, kuma wace jarrabawa ɗalibansa suka ci, a kuma karanta sharuɗɗan kowane kwas a shafin jami'ar da kanta maimakon dogaro da bakin dillali. Su kuwa hukumomin bayar da tallafin karatu da manyan makarantunmu, zai yi kyau su sanya shekarar koyon harshe a cikin kasafin duk wanda za a tura Jamus, su kuma duba yiwuwar buɗe azuzuwan Jamusanci da cibiyoyin jarrabawa kusa da jama'a, domin kuɗin da za a kashe a kan malami guda a gida bai kama ƙafar abin da ake asara idan ɗalibi ɗaya ya dawo babu digiri ba.